Baban Kowa

A ginin kamfanin nan mai hawa biyar babu wanda ya san sunansa na yanka. Baba ake ce masa. A bakin maigadi Baba ne, a bakin masinja Baba ne, haka 'yan matan da ke wuni suna buga takardu, har Shugaba da kansa in ya shafa tebur ya ga ƙura a yatsa, cewa yake a kira masa Baba. Shekara talatin da ɗaya yana share ginin. Ya san tayil ɗin da ya tsage a hawa na biyu, ya san famfon da ba ya daina ɗiga sai an ɗan mayar da shi baya, ya san wanda ke manna cingam a ƙarƙashin kujera alhali yana da digiri biyu. Tun da aka mayar da masu shara hannun ɗan kwangila, ko takardar da ke ɗauke da sunansa ta bar ginin.

Kada kuma a ɗauka girmamawa ce. Duk tsohon da ke riƙe da tsintsiya ko bokiti ko sandar gadi Baba ne, kamar yadda kowace kyanwa mus ce. Baki ne kawai ke neman abin kira mai sauƙi.

To amma cikin mutum ɗari da ashirin da ke furta kalmar nan kullum, akwai guda ɗaya da in ya faɗa, gaskiya ya faɗa. Manajan hawa na huɗu ne, mai kula da fitar kaya da rarraba su, dogon saurayi mai kwat da fayil a hammata. Ɗansa ne na cikinsa, shi kaɗai ya rayu cikin biyar da aka haifa masa. Bakwaini aka haife shi, ɗan mitsitsi, uwarsa ta dube shi a cikin zane ta ce wannan ai tsako ne, sunan kuwa ya zauna a gida. Duk sanda ciwo ya kayar da yaron, uban kan zauna a gefen tabarma ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Da tsintsiyar nan ya kai shi firamare, da ita ya kai shi sakandare, da ita ya kai shi har inda ake sa doguwar riga da hula mai tunku a ɗauki hoto.

Ɓoye dangantakarsu da suka yi a kamfanin kuwa ba daga ɗan ya fito ba. Uban ne ya kawo shi.

Ranar da takardar ɗaukar aiki ta zo, Tsako ya ci jarrabawar kamfanin da ƙoƙarin kansa, Inna, wato uwarsa, tana ta guɗa a tsakar gida, Baba ya kira shi ɗaki ya rufe ƙofa. Mai shara yana jin abin da liman ba ya ji, domin babu mai rage murya don ya shigo ɗaukar kwandon shara. Baba ya san mutanen sama kafin su tambayi me mutum ya karanta, sai sun tambayi ɗan gidan waye. Ya ga yadda aka taɓa ɗaukar ɗan wani masinja aikin akawu, yaro mai kai, amma shekara goma ana aiken sa sayo katin waya, har ya gaji ya bar aikin. Duk ya zayyana wa ɗansa wannan. Sannan ya ce:

"A can ba ka san ni ba, ban san ka ba. Sunana da ke bayan naka, rabin garin nan suna ɗauke da shi, babu mai haɗawa. Abu ɗaya na roƙe ka. In za ka wuce da safe ka ce, Baba ina kwana, yadda kowa ke faɗa. Su ba za su gane ba. Ni zan gane."

Tsako ya yi ta musu, har da hawaye, amma uban bai sauya ba. Inna da ta ji ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ba a taɓa koya wa ɗa wuce ubansa a hanya ya manta darasin ba. Baba ya ce mata ita ba ta taɓa taka bene ba, ta bar zancen sama ga waɗanda suka san shi.

Haka aka yi shekara tara. Baba kan iso tun ana buɗe ƙofa, ya fara da banɗakunan sama, ya gangaro yana kwashe kwanduna hawa-hawa, ya tsara aikinsa yadda takwas saura minti goma za ta same shi a gindin matakala da tsumman goge ƙasa a hannu. Kowa lif yake hawa, Manaja kaɗai ke bin matakala, wai don motsa jini. Zai zo daidai tsohon ya ɗan rage tafiya kaɗan, yadda ido ba zai kama ba, ya ce Baba ina kwana. Baba ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Shi ke nan. Da wannan yake wuni. In ƙugu ya riƙe shi wajen wanke masai, ko wata yarinya sa'ar jikarsa ta daka masa tsawa a kan ya taɓa mata takardu, sai ya tuna da safe ya ji abin ya wuce kamar ruwan sama a bayan agwagwa.

Abu ɗaya ya tsare wa kansa. Kowane mai kwat a ginin, Yallaɓai Baba yake ce masa, amma bai taɓa ce wa ɗansa haka ba. In an aike shi ofishinsa sai ya ce ga saƙo an bayar, ko ana kira a sama, ya yi ta kewaye kalmar kamar mai kewaye kwata. Babu wanda ya lura. Wa ke auna maganar mai shara?

Ba a rasa sau goma ba Tsako ya roƙe shi ya ajiye aikin. Ya ce yanzu ya isa ya riƙe gida, ya ce ganin ubansa da bokiti yana ci masa rai. Baba ya ce tsintsiyar da ta kai mutum inda ya kai ba a jefar da ita don ta tsufa, kuma zaman banza shi ke kashe tsoho. Bai faɗi sauran ba. Tun da yaron ya kama gida a unguwar ma'aikata, zuwan da yake yi gida duk Asabar ya koma na bayan sati biyu, ya koma na wata-wata. In ya zo ma can bakin titi yake barin mota, gaban kantin magani, ya tako da ƙafa cikin lungu. Gindin matakalar nan ne kaɗai wurin da Baba ke da tabbacin ganin ɗansa. Aure ma Inna ta yi magana har bakinta ya gaji, kullum sai ya ce sai ya tsaya da ƙafarsa. Baba ya san ƙafar da ake nufi. Ba a ɗaura aure ba tare da an nuna uban ango ba.

A shekara ta tara kujerar Mataimakin Shugaba ta zama babu kowa. Mutum biyu ake zance: Manaja, da wani da ake kira Ɗan Gata a bayan idonsa, wanda ubansa abokin masu kamfanin ne tun suna yara. Aiki dai kowa ya san na Manaja ne. Amma Shugaba mutum ne mai son asali, karin maganarsa ɗaya a duniya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata rana Baba na ɗaure bakin ledar shara a ofishinsa ya ji ya tambayi Manaja me mahaifinsa ke yi. Manaja ya ce tsohon ma'aikaci ne, ya daɗe a harkar kamfani. Shugaba ya gyaɗa kai ya ce shi ya sa, ai ya ga alama. Baba ya fita da ledarsa yana dariya a ciki. Yaron bai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya.

Sai ranar da aka tashi da ruwan sama. Baƙi sun zo daga babban ofis, sun shigo da taɓo a takalma, aka ce Baba ya sake goge falon ƙasa kafin su sauko. Akwai ɗan allo mai ruwan ɗorawa da ake kafawa in ƙasa a jiƙe take, don mai wucewa ya kula. Baba ya neme shi ya rasa, wani ya ɗauka ya tokare ƙofar sito da shi. Ya ce bari ya yi sauri ya gama. Yana tsakiyar aiki sai ga su suna saukowa ta matakala, Shugaba da baƙi uku, Ɗan Gata a gefe, Manaja a gaba yana waiwaye yana yi musu bayani, idonsa a fayil, ƙafarsa tana neman matakin ƙarshe inda ruwan sabulu ya kwanta.

Ba Baba ne ya yi magana ba, shekara talatin da huɗu na haihuwa ne suka yi.

"Tsako, santsi!"

Kafin ya san abin da yake yi ya yar da tsumma ya cafke masa gwiwar hannu. Manaja ya tsaya cak, bai faɗi ba. Da Baba ya saki, ga shatin yatsu biyar jiƙaƙƙu a jikin kwat.

Magana zarar bunu ce. Falon ya yi tsit, har ana jin ruwa na sauka ta indararo a waje. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya. Ɗan Gata ya dubi tsohon, ya dubi Manaja, ya tambaya a hankali, kamar mai ɓare alewa, wai waye Tsako.

Manaja ya kakkaɓe hannun riga. Ya ce unguwarsu ɗaya a da, tsohon nan yakan yi musu shara a gida yana yaro, shi ne ya riƙe sunan wasa. Baba ya gyaɗa kai da sauri ya ce haka ne, haka ne. A ransa ya yaba wa yaron, amsa ce mai kyau, kuma ta zo da wuri. Sai dai da ya sunkuya ɗaukar tsumma ya ji wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari, ya ɗauka sanyin ruwa ne.

Kafin azahar sunan ya hau hawa biyar ya sauko. In Manaja ya wuce sai wani ya yi kukan 'yan tsaki a bayan na'ura, a yi ta ƙunshe dariya. Wannan duk mai sauƙi ne. Ɗan Gata shi ne bai yi dariya ba, kallo ya koma yi. Washegari ya tare Baba a bakin banɗaki, ya tsaya yana duban kunnuwansa, manya masu ɗan lanƙwasa a sama, irin waɗanda ke kan Manajan hawa na huɗu. Ya ce:

"Baba, shekara nawa muna tare ban taɓa tambaya ba. Wai ya sunanka ne?"

Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya yi masa wannan tambaya, ga ta ta zo da ƙugiya a ciki. Baba ya ba shi sunan wani maƙwabcinsa da ya rasu bara. Ɗan Gata ya ce Allah sarki, ya wuce yana murmushi. Da rana a gaban sakatariyar Shugaba ya yi ta zancen cewa shi dai ya yarda kyan ɗa ya gaji ubansa, kowa ya tsaya inda aka haife shi duniya ta zauna lafiya. Rana ta uku da safe aka sami tsintsiya a jingine a ƙofar ofishin Manaja, an ɗaura mata laktaye a wuya. Tsintsiyar Baba ce, daga ɗakin ajiyarsa aka ɗauko ta. Kafin labari ya kai masa ya je ya ɗauke, Manaja ya riga ya gani, kuma kowa ya ga ya gani.

Kwana ukun nan takwas saura minti goma ta yi ta samun Baba a gindin matakala, babu wanda ya bi ta wurin. Manaja ya koma hawa lif. Baba bai ga laifinsa ba, ya ce in iska ta taso kowa rufe tagarsa yake, za ta lafa. Amma bai iya cin abincin rana ba, sai ya buɗe kwano ya rufe.

Rana ta huɗu masinja ya zo ya ce ana neman sa a hawa na huɗu.

Babban ɗaki ne mai tebur ashirin, ofishin Manaja na gilashi a ƙarshensa. Manaja bai zauna ciki ba, a bakin ƙofa ya tsaya, inda murya za ta kai ko'ina. Sakatariyar Shugaba na nan da takardu a hannu. Ɗan Gata ya zo ya jingina da wani tebur kamar hanya ce ta biyo da shi. Baba ya shigo da bokitinsa, domin ya ɗauka wani abu ne ya zube.

"Kai, mai shara. Matso nan."

Baba ya waiwaya ya ga ko da wani a bayansa. Babu kowa. Ya matsa.

Manaja ya fara. Ya ce an bar ƙasa a jiƙe babu allo, a ranar da kamfani ke da manyan baƙi. Ya ce an ɓata masa riga da ruwan datti. Ya ce an ɗaga murya a gaban Shugaba kamar ana kasuwa. Ya ce sabo da aka yi da mutum yana yaro ba lasisi ba ne, kowa ya san matsayinsa, in tsufa ya hana aiki akwai ɗan kwangila, a gaya masa ya kawo wani. Muryarsa ba ta rawa. Amma Baba ya ga babban yatsansa yana murza gefen fayil, yadda yake murza bakin rigarsa yana ɗan shekara bakwai in ya fasa abu ya ce ba shi ba ne.

Sai ya ɗan saci kallon ɗakin. Babu mai buga na'ura. Ɗan Gata ya naɗe hannu yana murmushi irin na mai kallon wasan da ya san ƙarshensa. Sakatariya ta dubi kunnen wannan ta dubi na wancan. Baba ya gane faɗan bai sayu ba. Kowa na iya yi wa ubansa faɗan ƙarya in wuya ta kai wuya. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba: yaron yana ta zuba magana, bai san magana ba za ta toshe ramin nan ba. Abu ɗaya ne zai toshe shi, kuma a hannun tsohon yake.

Ya ajiye bokiti. Ya cire hula. Ya dafa gefen tebur ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har na kusa suka ji. Ya sunkuyar da kai, furfurarsa a fili a ƙarƙashin fitila.

"Yallaɓai, na yi kuskure. A yafe wa tsoho. Bakina ba zai ƙara ba."

Daga inda yake takalman ɗansa kawai yake gani, baƙaƙe masu sheƙi, irin ɗaurin igiyar da shi ya koya masa. Ya san in hannu ya sauko ya ɗaga shi, ko aka ce subhanallahi Baba tashi, to komai ya rushe, shekara tara ta tafi a banza. Yana roƙon Allah kada yaron ya ɗaga shi. A ƙarƙashin wannan roƙon kuma akwai wani, yana jiran hannun.

Takalman suka ɗan motsa, ɗaya ya matso kamar rabin taki. Sai suka juya. Ya ji muryar ɗansa tana tambayar sakatariya ko takardun motocin da za su fita gobe sun samu sa hannu. Ta ce biyu sun samu, saura ɗaya. Ya ce a kawo masa kafin sha biyu. Suka yi ta wannan zancen, tsoho na durƙushe a tsakiyar ɗaki da hula a hannu. Sai da aka gama Manaja ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, yana iya tafiya.

Tashin ya fi durƙuson wuya. Babu wanda ya miƙa masa hannu, ba don mugunta ba, kowa ya mayar da ido kan aikinsa ne don kunya. Ya kama ƙafar tebur ya miƙe, ya ɗauki bokitinsa.

Da la'asar yana cikin wanke masai a hawa na uku, ƙofa a rufe, Ɗan Gata ya shigo da wani suna wanke hannu. Ya ji shi yana cewa a bar zancen nan, ba ubansa ba ne. Ya ce ko ɗan da aka yi wa baki ba ya barin ubansa ya durƙusa masa a gaban mutane yana zancen takardun mota. Ɗayan ya ce gaskiya ne. Baba ya ja ruwa, ya ce a ransa alhamdulillahi, aiki ya yi.

Aiki kuwa ya yi. Bayan sati biyu aka manna takarda a allon sanarwa, Manaja ya zama Mataimakin Shugaba. Shugaba ya ce yana son mutumin da ba ya haɗa sabo da aiki, wannan tarbiyya ce ta gidan manya. Aka kwashe kayansa zuwa hawa na biyar, inda ake da lif na daban da ke tashi daga wurin ajiye motoci, ba ya tsayawa a falon ƙasa.

Baba ya kai wa Inna albishir da bakinsa. Ya tarar ba ta buƙata. Matar maigadi ta riga ta kawo mata labarin duka, har da ƙarar gwiwa, ita a ganinta tana ba da labarin wani azzalumin manaja ne da ya wulaƙanta mijin ƙawarta. Inna na zaune tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce ɗan tsako samu ka ƙi dangi, ita ta raɗa masa sunan, ga shi bakinta ya kama shi. Baba ya ce ba ta gane ba, shi ya durƙusa da kansa, babu wanda ya sa shi. Ta ce ai ta sani. Ta ce shekara tara yana koya wa yaro wuce ubansa, yanzu ɗalibi ya haddace, sai malam ya sha guɗa.

Asabar ta gaba da yamma Tsako ya zo. Baba ya san zai zo, kuma ya shirya. Kwana da kwanaki yana gyara abin da zai faɗa. Zai ce masa kada ya sa komai a ransa, dabara ce irin ta yaƙi, kuma ta ci. Zai yi masa wasa ya ce sai ya biya shi man zafi na gwiwa. Zai kira shi da sunansa na gida, su yi dariya, Inna ta ji kunya. Yana zaune a tabarma a ɗakinsa yana gyara ɗaurin wata tsintsiya da ta kwance, ya ji sallama a tsakar gida, ya ji Inna ta amsa a taƙaice, ya ji an tuɓe takalma a bakin ƙofa.

Labule ya ɗaga. Ba kwat yau, 'yar riga ce ta gida. Yaron ya rame. Ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba tun yana ƙarami, kansa a ƙasa. Sannan ya ce:

"Baba."

Kalmar da tsohon ya yi kusan wata yana jira ke nan, ga ta a cikin ɗakinsa, babu mai ji sai su. Sai kawai ya ga kansa a tsaye. Bai san sanda ya miƙe ba. Hannunsa ya kai ga hula, bakinsa ya buɗe.

"Na'am, Yallaɓai."

Ba gatse ya yi ba. Da gatse ne da da sauƙi, gatse faɗa ne, faɗa kuwa ana shiryawa. Fitowa ta yi da kanta, sumul, kamar can ne mazauninta.

Tsako ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. Ya ce don Allah Baba kada ya yi masa haka, ya zage shi, ya mare shi, amma ban da wannan. Baba ya so ya ce ba da gangan ba ne. Ya nemi sunan nan na gida, yana jin sa a maƙogwaro, ya ƙi hawowa. Ya yi alkawari a gaban mutum ashirin bakinsa ba zai ƙara ba, bakin kuwa ya riƙe alkawari fiye da mai shi. Ya nemi wasan man zafi, ya ga ba irin maganar da ake yi wa mutumin hawa na biyar ba ce. Uba a tsaye da hula a hannu, ɗa a durƙushe, kowa na jiran ɗaya ya ba shi izini. Inna na bakin ƙofa da faranti, ta dube su, ta saki labule.

Yaron ya yi ta magana. Ya ce bai yi barcin kirki ba tun ranar. Ya ce yanzu dai ya kamata a bar aikin nan, ya ga wani gida mai famfo a ciki. Duk abin da ya faɗa Baba sai ya ce to, ba laifi, yadda aka ce. Daga ƙarshe ya miƙe ya yi sallama. Baba ya raka shi har ƙofar gida, yana bayansa da taki biyu, ya riƙe masa ƙyaure ya fita.

Ranar Litinin tun ana buɗe ƙofa ya iso. Ya fara da banɗakunan sama, ya gangaro yana kwashe kwanduna. Maigadi ya ce Baba an tashi lafiya. Masinja ya ce Baba ya gwiwa. 'Yan matan takardu suka wuce suna Baba sannu, Baba ina kwana, har Ɗan Gata ya ce Baba ya ƙoƙari. Duk ya amsa musu. Takwas saura minti goma ta same shi a gindin matakala. Ta cikin bango ya ji lif ɗin manya ya taso daga ƙasa, ya wuce ta bayansa, ya yi sama.

Ya ɗauko ɗan allon nan mai ruwan ɗorawa ya kafa a gaban matakin ƙarshe, ya gyara masa zama. Ƙasa a bushe take. Wata sabuwar ma'aikaciya ta zo da sauri, ta ce Baba matsa in wuce. Ya matsa.